Wa Ke da Ikon Cewa "Albarka"? Tsohon Birnin Agadas Tsakanin Hukuma, Ɗan Kasuwa da Mai Gida

Gabatarwa

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Badagishiri ya buɗe ido ne ya tarar da makarantu biyu waɗanda ba su da allo ba su da malami, wato kasuwa da hanya. Kasuwar ita ce wadda makiyaya da fatake ke cikawa kowane mako da shanu da raƙuma da tumaki. Hanyar kuwa ita ce kwaltar nan da ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram a Tsarnawa, gabas kaɗan da Birnin Ƙonni, ta ratsa garinmu ta nufi Tawa, daga nan ta miƙe zuwa Abalak da Agadas da Arlit. Muna yara, da zarar sanyi ya shigo, sai mu riƙa ganin motocin Anasaru a jere, rufinsu ɗaure da jarkoki da tayoyi, sun doshi arewa. In sun tsaya sayen ruwa ko albasa, sai mu yanyame su muna ta "kado, kado". Ban manta da ranar da wani dattijon unguwarmu ya kama kunnena ya janye ni gefe ba. Bai doke ni ba. Abin da ya gaya mini shi ne, a gidan da ya tashi baƙo ake ba, kuma yaron da ya koyi miƙa wa baƙo hannu ya fara sayar da abin da ba nasa shi kaɗai ba ne, wato mutuncin garinsu.

Motocin nan Agadas suka nufa, kuma an daɗe rabon da a gan su a hanyarmu. Amma duk inda aka zauna ana maganar farfaɗo da yawon buɗe ido, kalmar da ke yawo a bakin mahalarta ita ce haɗin gwiwa: hukumar gari ta kawo doka da fili da tsaro, ɗan kasuwa ya kawo jari da sanin hanyar baƙi, a gyara tsohon birni, kowa ya samu. Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinta, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai akwai tambayar da nake son malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu su tsaya mu duba tare. Idan hukuma da ɗan kasuwa suka zauna ciniki a kan tsohon birni, mene ne ainihin abin da ake sayarwa, na wane ne, kuma wa ke da ikon ƙin sallamawa?

Garin da ake magana a kansa

Ba a taya dabba sai an duba haƙoranta, don haka bari mu fara da duba garin. Agadas ba baƙon wuri ba ne ga mutumin Adar. Agabba, ɗan Sarkin Abzin Muhammadu Mubaraku, shi ya ci Adar da yaƙi wajejen 1674, ya kuma yi sarautar Agadas, sa'an nan da aka tuɓe shi a 1721 ya dawo Adar ya zauna, kuma daga tsatsonsa sarakunan Adar na Illela suka fito. Farfesa Djibo Hamani ya yi dogon bincike a kan tarihin Adar da na Abzin, kuma wanda ya bi ayyukansa ya san cewa jini da fatauci sun daɗe da ƙulla ƙasashen biyu. Saboda haka in na sa baki a maganar Agadas, maganar dangi nake yi.

Tun ƙarni na 15 sarakunan Abzin suka mai da Agadas mazauninsu, garin ya zama mahaɗar ayarin da ke ratsa Sahara tsakanin ƙasar Hausa da Gat da Gadamas da Tarabulus. Tsohon birnin ya kasu unguwa 11, irin su Katanga da Amarewat da Amdit da Obitara, kuma masana sun lura cewa karkacewar lungunansa tana bin sawun zangon da ƙabilun Abzinawa suka fara kafawa a wurin. A tsakiyarsa babban masallaci yake, kusa da fadar sarki, da hasumiyarsa mai tsawon mita 27 wadda laka ce da itace tun daga tushe har bisa. Ana danganta ginin masallacin da Shehu Zakariyya a farkon ƙarni na 16, an kuma sake gina hasumiyar a 1844. Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a garin a watan Oktoban 1850, ya tarar da gidaje da yawa sun zama kango saboda mutuwar fatauci, kuma gidan da ya sauka yana cikin wuraren da ake kai baƙi. Akwai gidan Sidi Ka mai burodi, wanda adon cikinsa ya sa har masu shirya fim suka yi aiki a ciki. Akwai kuma gidan da aka gina wa Kawusan, jagoran boren 1916 zuwa 1917, wanda daga baya aka mai da shi otal yana fuskantar masallacin. A watan Yunin 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin a jerin kayan tarihi na duniya.

To amma mai karatu ya lura da abu guda. Baƙon da ya biya kuɗin jirgi daga Faransa, laka kaɗai ba za ta kawo shi ba, domin kango ma laka ne. Abin da ya ja shi shi ne birni mai numfashi: ladan yana kiran salla, maƙeran azurfa suna zuba gicciyen Agadas, mata suna ɗinkin fata a tsakar gida, samarin gabas da na yamma suna fitowa da ganguna a bikin Biyanu cikin watan Muharram. In aka kwashe mutanen nan, abin da zai rage ba zai riƙe baƙo kwana biyu ba. Ashe ke nan hajar da ake shirin kasawa rayuwar waɗansu mutane ce, da gidajen da suke kwana a ciki, da ibadarsu, da bukukuwansu.

Zuwan baƙi da ɗaukewarsu

A shekarun 1980 Agadas ta yi tashe. Tseren motoci na Paris zuwa Dakar yana yada zango a garin, kamfanonin rakiyar baƙi irin Temet na marigayi Mano Dayak suna kai mutane duwatsun Abzin da rairayin Tenere, direbobi da masu dafa abinci da masu raƙuma da maƙera kowa yana samun rabonsa. Tawayen da ya ɓarke a farkon shekarun 1990 ya tsai da wannan kasuwa. An sa hannu a yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilun 1995, Mano Dayak ya rasu a hatsarin jirgin sama a Disambar shekarar, kuma filin jirgin saman garin sunansa yake ɗauke da shi. Baƙi suka dawo, har jiragen haya suka riƙa sauka kai tsaye daga Faransa a lokacin sanyi. Sai tawaye na biyu daga 2007 zuwa 2009, sai sace ma'aikatan haƙar uraniyom a Arlit a Satumbar 2010, ƙasashen Turai suka shafa wa yankin jan launi a taswirar gargaɗin da suke ba matafiyansu. Ranar 23 ga Mayun 2013 aka kai harin bam barikin soja na Agadas, wata guda kafin UNESCO ta yi shelarta. Wato takardar yabo ta iso ne bayan an watse daga biki.

Masu motocin da suka san kowane tudu na Sahara ba su zauna sun naɗe hannu ba. Waɗansu suka koma jigilar ƴan ci-rani zuwa Libiya, har dokar 2015 ta haramta sana'ar, kafin a soke dokar a Nuwamban 2023. Waɗansu suka bi zinariyar da aka gano a Jado a 2014. A 2025 kuma aka sace Turawa mata biyu a cikin garin Agadas kansa, abin da ya ƙara nesanta ranar dawowar baƙi.

Na kawo wannan jerin shekaru ne domin a ga wanda ke tafiya da wanda ke zama. Ɗan kasuwa yana naɗe tabarmarsa in kasuwa ta tashi, kuma ba a ganin laifinsa, don jari ba ya zama inda ba ya haihuwa. Hukumar gari ma tana sauya fuska. A Yulin 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi da ya ba garuruwanmu magadan gari zaɓaɓɓu, a Afrilun 2024 kuma aka rushe majalisun aka naɗa masu riƙo. Wanda bai je ko'ina ba a duk tsawon shekarun nan shi ne mai gidan da ke lungun Obitara, wanda kowace shekara kafin damina sai ya nemo ƙasa da ruwa da ladan magini ya yaɓe bangonsa, ko an zo kallo ko ba a zo ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Abin mamaki shi ne, a yawancin zantukan haɗin gwiwa kujeru biyu ake ajiyewa, kuma duka biyun na masu tafiya ne.

Darasin kasuwar dabbobi

Mu dawo Badagishiri, domin a ganina amsar tana kasuwarmu. Makiyayi ya koro sansa daga daji, bai san mai saye ba, wataƙila ma ba sa jin harshen juna. Dillali ne ke karɓar igiya, ya ɗaure san a turkensa, ya nemo mai saye, ya yaba dabbar, ya tsaya shaida cewa ba ta sata ba ce. Sau da yawa shi ne mai masaukin makiyayin, shi zai ba shi ruwa da tuwo da wurin kwana. A gefe kuma ga ma'aikacin hukuma da ƴan takardunsa yana karɓar harajin kasuwa, domin hukuma ce ta keɓe filin, ita ke raba gardama in ta taso. Kowanne daga cikin biyun yana da haƙƙi na halal: dillali la'adarsa, hukuma harajinta. Wanda ya taɓa ganin ciniki ba dillali ya san irin rigimar da ke biyo baya, saboda haka babu mai hankalin da zai ce a kore su.

Sai dai akwai kalmomi biyu da ba na dillali ba ne, ba kuma na mai karɓar haraji ba. In mai saye ya taya, dillali yakan juya ya dubi mai sa. In tayin bai yi masa ba ya ce "albarka", magana ta tsaya. In ya yi masa ya ce "na sallama", ciniki ya faɗa. Dillalin da ya sallama dabba mai ita yana can yana salla, ko da kuwa ya sayar da tsada, ya ci amana, kuma mako mai zuwa ba wanda zai miƙa masa igiya. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun yi bayanin irin wannan a babin cinikin mai shisshigi, wato wanda ya sayar da kayan wani ba da izni ba: cinikin yana rataye ne, sai mai kaya ya yarda sa'an nan ya tabbata.

In muka ɗora tsohon birni a kan wannan ma'auni, matsayin kowa ya fito fili. Mai otal da mai kamfanin rakiya dillalai ne, suna haɗa gari da baƙo, kuma sun cancanci la'ada mai kyau. Ma'aikatar magajin gari mai tsaron kasuwa ce, ta cancanci harajinta. Mai dabba kuwa su ne mazauna unguwannin nan 11. Haɗin gwiwar da aka ƙulla tsakanin dillali da mai karɓar haraji kaɗai, komai kyan niyyarsu, ciniki ne da ke rataye. Kuma alamar da ake gane mai abu da ita ita ce ikon ƙi. Mutumin da ake kira taro a karanta masa abin da aka riga aka shirya, a ba shi lemo a ɗauki hotonsa, an sanar da shi ne kawai. Wanda za a ce an shawarta shi ne wanda in ya ce "albarka" aikin zai tsaya.

Akwai wurin da misalin sa ya gaza, kuma gazawar tana ƙara wa maganar nauyi. Makiyayi yana iya sayar da sansa baki ɗaya, ya karɓi kuɗi ya tafi. Mutanen Agadas kuwa ba su da ikon sayar da birninsu baki ɗaya, domin gado suka tarar, kuma akwai jikokin da ba a haifa ba masu rabo a ciki. Birnin ya fi kama da wakafi, wanda ake cin amfaninsa a tsare asalinsa. Saboda haka ko su masu gidan, abin da suke iya sallamawa nono ne, saniyar tana nan a turke.

Laka da siminti

Domin kada maganar ta tsaya a sama, ga misalin da ya fi kowanne ciwo. A yankinmu akwai kamfanin siminti na Malbaza, wanda ke aiki tun shekarun 1960. Duk ɗan Adar da ya je ci-rani ya dawo da ƴan kuɗi, burinsa ya rushe ɗakin laka ya tada na bulo da kwano, kuma ba mai hana shi. Ɗan'uwansa na tsohon birnin Agadas ba shi da wannan sakewa. Tun da garin ya shiga jerin UNESCO, akwai ƙa'idojin gini da ofishi na musamman mai kula da su, kuma ana son gidaje su zauna yadda aka gaje su. Ƙa'idar tana da hujja. Ginin laka ya fi sanyi a bazara, kuma magina sun san cewa in aka shafe bangon laka da siminti, danshi yakan maƙale a ciki ya ci bangon ta ƙarƙashi har fatar simintin ta ɓalle. Amma laka tana son hidima kowace shekara, hidima kuwa kuɗi ce.

Daminar 2024 ta nuna girman abin. Ruwan da aka yi a faɗin ƙasa ya rusa gidaje masu yawa, tsohon birnin Agadas ma bai tsira ba, kuma a watan Satumba tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tsakiyar ƙarni na 19, ya rufta. Ka ɗauki bazawara mai ƴaƴa biyar a ɗaya daga cikin unguwannin nan, bangon ɗakinta ya tsage. An ce mata kada ta sa bulo, domin gidanta na duniya ne. To duniyar tana ina ranar da za a biya magini? In hoton lungunta ne ke cika otal, ita kuwa ba ta ga ko dala ba, an mai da talaucinta ado ke nan, an kuma ɗora mata kuɗin adon. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wanda ya ci ribar laka, yaɓe ya hau kansa.

Wannan ciwo ba na Agadas kaɗai ba ne. A Jenne ta ƙasar Mali, wadda ta shiga jerin tun 1988, mazauna sun sha kokawa cewa an hana su sabunta gidajensu, alhali su ne ke fitowa kwansu da kwarkwatarsu kowace shekara su yaɓe babban masallaci. A Benis ta Italiya kuwa abin ya zo ta wata fuska: baƙi sun yi yawa, haya ta yi tsada, mazauna tsohon birnin suka ragu daga kimanin 175,000 a 1951 zuwa ƙasa da 50,000 a 2022, har a 2024 hukumar garin ta fara karɓar Yuro 5 daga masu shiga yini ɗaya a waɗansu ranaku. A Kano, faɗaɗa titi ya ci tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010, aka gina sabuwa a madadinta. Ƙarancin baƙi, yawan baƙi, gaggawar hukuma: hanyoyin sun bambanta, amma a kowanne za ka tarar an yanke magana mai ɗaki yana waje, alhali shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da za a iya cewa a kan wannan ra'ayi

Adalci ne in kawo hujjojin da ke gāba da ni. Wani zai ce: magajin gari ai wakilin jama'a ne, in ya sa hannu jama'a ce ta sa. Akwai gaskiya a nan, musamman lokacin da zaɓe ne ya kawo shi. Amma Agadas ta yau ta ninka tsohon birnin sau da yawa, kuma mafi yawan mazaunanta suna sababbin unguwanni inda ƙa'idar laka ba ta shafe su ba. Mai wakiltar gari duka yana iya ganin maslahar mafi yawa a cikin abin da zai cutar da kaɗan. Nauyin da ya sauka a kan waɗansu mutane na musamman yana bukatar yardar waɗannan mutanen na musamman.

Wani kuma zai ce: in aka ba kowa ikon ƙi, ba abin da zai gudana, mai jari zai kai kuɗinsa wani wuri. Wannan ma abin dubawa ne, domin hukumomin garuruwanmu ba su da ƙarfin aljihu, kuma birnin da ba a kashe masa kuɗi ruwa zai cinye shi. Amsata ita ce, "albarka" a kasuwa ba ta kashe ciniki, tana gyara farashi ne. Mai saye na gaskiya yakan ƙara tayi. Wanda kalmar ke kora shi ne mai neman banza. Kuma ɗan kasuwa mai hangen nesa ya san cewa jarin da ya zuba a unguwar da ke jin haushinsa jari ne a bakin rijiya.

Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi: su wane ne "mutanen gari"? Ba murya ɗaya gare su ba. Akwai fadar Sarkin Abzin da masu unguwanni, waɗanda suka riƙe garin shekaru ɗaruruwa, kuma ba a yin komai a tsohon birni a tsallake su. Amma akwai ƴan haya, akwai matan da gidaje da yawa ke hannunsu, akwai maƙera da magina waɗanda al'ada ba ta saba ba su wurin zama a gaban manya ba, akwai samarin da ke son wuta da famfo da intanet fiye da yabon Anasara. In aka ce an ji ta bakin jama'a alhali dattawa biyar aka ji, an sake yin dillanci ne a cikin gida. Ban da wata dabara da za ta warware wannan a dare ɗaya. Abin da na sani shi ne wahalar tara masu abu ba ta mai da abin ya zama na dillali.

Sharuɗɗan da suka kamata

Tun ran gini tun ran zane. Yanzu da baƙi ba sa nan, ba kuɗin da ake rububi a kansa, yanzu ne lokacin rubuta sharuɗɗa, domin ranar da jirage suka dawo ba mai sauraren wani. Ga abin da nake ganin kowace yarjejeniya tsakanin hukumar gari da ƴan kasuwa ya kamata ta ƙunsa.

Na farko, kujera ta uku. Kowace unguwa ta fitar da wakilanta, maza da mata, tare da wakilan magina da masu sana'ar hannu, kuma a rubuta ƙarara irin ayyukan da ba za a yi ba sai da yardarsu: sayar da gida ga mai otal, sauya fasalin dandali, buɗe wani wuri ga masu kallo. A karanta yarjejeniyar da Hausa da Tamajak a bainar jama'a da gidajen rediyo, domin takardar da aka rubuta da Faransanci aka kulle a ofis ba ta ɗaure wanda bai ji ta ba.

Na biyu, asusun yaɓe. Daga kowane kwana da baƙo ya yi a otal, da kowane kuɗin shiga da ya biya, a ware wani kaso sananne wanda ba ya shiga babban asusun hukuma, a kashe shi a gyaran gidajen masu ƙaramin ƙarfi da magudanan ruwa da horar da sababbin magina. A liƙa lissafinsa a ƙofar ma'aikatar magajin gari kowace shekara, kowa ya gani.

Na uku, abin da ba ya shiga kasuwa. Lokacin salla na masu salla ne. Ranar Biyanu wata ne ke tsai da ita, ba a matsar da ita don ta dace da saukar jirgi. Zaure iyakar baƙo ne sai in mai gida ya ce a shigo, kuma ba a ɗaukar hoton mace ko yaro sai da izni. Al'adar da aka fara yi don a biya, a hankali takan zama wasan kwaikwayo, masu ita ma su daina gaskata ta.

Na huɗu, baƙon gida. Shekarun nan sun koya mana cewa kasuwar da ta dogara ga jan launi ko koren launi na taswirar wata ƙasa, igiyarta tana hannun wani. Agadas ta cika da ƴan ƙasa a bikin 18 ga Disamban 2016, ta kuma sake cika lokacin kokowar takobi a Disambar 2023. Ɗan Maraɗi da ɗan Sakkwato da ɗan Katsina ba sa kawo kuɗin Turai, amma ba sa jiran iznin wani ofishin jakadanci, kuma sun san a cire takalmi a ƙofar masallaci ba sai an gaya musu ba.

Kammalawa

A nan ne aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu yake. Yaro nawa ne a makarantun Badagishiri da Illela da Malbaza ya san cewa sarautar Adar daga Agadas ta zo? Nawa ne aka taɓa kai su fadar Illela, ko aka yi musu bayanin bikin Arwa na Masallata da ke nan kusa da Ƙonni? Mutumin da bai san darajar abin da ke hannunsa ba, ko an ba shi ikon cewa "albarka" zai sallama a tayin farko. Malamin da ya ɗauki ɗalibansa ya zagaya da su tsofaffin unguwannin garinsu, ya sa su tambayi magini yadda ake kwaɓa ƙasa, su tambayi tsohuwa sunan kowane lungu da dalilinsa, yana shirya waɗanda za su zauna a kujera ta uku ne. Ƙungiyar da ta fassara yarjejeniya ta karanta wa mata a tsakar gida ta yi wa tarihi hidimar da ta fi taron kwana uku a otal.

Dattijon da ya ja kunnena ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Bai taɓa zuwa Agadas ba, bai kuma taɓa jin sunan UNESCO ba. Amma ya san bambancin mai masauki da mai bara, ko da yake dukansu baƙo ɗaya suke tara. Ina fata ranar da motocin nan za su sake ratsa garinmu su nufi arewa, yaran da za su gani a bakin hanya su tare su da sannu da zuwa da ƙwaryar ruwa, kuma a can ƙarshen tafiyarsu su tarar da masu gida waɗanda aka tambaya kafin a buɗe ƙofa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.